Keken da Ya Makara

Auta ta fito da jaka a kafaɗa za ta tafi aiki, tana addu'a a ranta Allah Ya sa ƙofar ɗakin nan a rufe take. A buɗe ta same ta, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

Baba na zaune a ciki a kan kujerar roba, ƙafar da aka yi wa tiyata a miƙe bisa ɗan teburi, sandarsa mai ƙafa huɗu a gefe. Ya sa farin takalmin motsa jikin da babban ɗansa ya aiko masa, ya ɗaure igiyar tsaf kamar ɗalibin da aka ce yau za a duba tsafta.

Ɗakin yayanta ne kafin ya yi aure ya tashi. An kwashe gado da akwatuna, an shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, an kafa ƙarfen dafawa a bango, an rataya madubi, har fanka Mama ta sa aka sauya. Abu ɗaya ya rage, wanda aka yi duk hidimar dominsa: keken motsa jiki. Tsakiyar ɗakin wayam take.

"Auta, yau dai za a kawo keken ko?"

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Na ce yau za a kawo?"

"Ana kan dubawa, Baba. Wanda na gani jiya sirdinsa ya yi tsini, ba zai yi maka daɗin zama ba. Sun ce akwai wasu a hanya."

Ya gyaɗa kai yana murmushi. "To madalla, gara a duba da kyau. Ai na san ki, ba kya yin abu da ka."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta fice da sauri kafin idonta ya tona mata asiri.

Gaskiyar magana, babu wasu kekuna a hanya. Kuɗin ma tuni yayanta ya turo. Abin da ya hana keke shigowa gidan nan ba sirdi ba ne, Auta ce.

Baba tsohon shugaban makaranta ne, irin mutanen da ko sun yi ritaya murya ba ta yi ba. Ranar da za a sauya masa gwiwa, yana kwance a gadon turawa, ya riƙe hannunta gam. Tiyatar gwiwa ce kawai, amma Baba ya yi wasiyya kamar wanda za a ciro wa zuciya.

"Ban taɓa tilasta miki komai ba, ba kuma yau zan fara ba. Ke ba yarinya ba ce, kina aikinki, kina da hankalinki. Amma in ban fito daga ɗakin nan ba, ina so in tafi da sanin kin rabu da Mai Ƙarafa."

Wa zai ce a'a a irin wannan wuri? Ta yi alkawari tana kuka, nas tana tsaye tana jira.

Mai Ƙarafa shi ne wanda kowa ke kira Dogo. Ɗalibin Baba ne a da, wanda ya fi kowa kai a ajinsu, wanda Baba ke bugun ƙirji da shi a taron iyaye. Yana shekarar ƙarshe a jami'a mahaifinsa ya rasu, ya ajiye karatu ya kama sayar da kayan motsa jiki don ya riƙe ƙannensa. Baba ya san dalilin sarai, amma bai yafe ba. Ya ce wanda ya iya barin karatu a tsakiya zai iya barin mace a tsakiya, shi kuma ba zai ba da 'yarsa ga mai sayar wa mutane gumi ba.

Ta cika alkawarin, a yi mata adalci. Ta daina ɗaga wayar Dogo, ta sauya hanyar da take bi daga makarantar da take koyarwa. Har aka sallami Baba, likitar gashin ƙashi ta ce sai an riƙa lanƙwasa gwiwar kullum tun tana ɗanya. Nan fa Baba ya tubure.

"Ni in kwanta 'yar cikina tana naɗe min ƙafa ina ihu a gaban mutane? Ba da ni ba. Kin ce keke yana yi? To a kawo keke gida. Da keke na fara zuwa aiki tun ba a haife ki ba."

A ranar Injiniya yana wurin. Ɗan aminin Baba ne, shi Baba ke so mata, kuma ba shi da wani aibu da za ka nuna da yatsa. Mutum ne mai natsuwa da turare mai tsada, in yana magana da ita sai ta riƙa jin kamar ana karanta mata sanarwa. Nan take ya zaro waya.

"Baba, ga su nan iri-iri. In danna yanzu, gobe a sauke maka a ƙofar gida."

"A'a!" Auta ta ce, har Mama ta juyo ta dube ta. Ta sassauta murya. "Keken mara lafiya ba a sayensa a hoto. Sai an je an taɓa, an hau, an gwada. Ku bar min wannan, ni zan yi wa Baba."

Maganar gaskiya ce. Zuciyar da ta faɗe ta ce ba ta da gaskiya.

Shagunan kayan motsa jiki ba ɗaya ba ne a garin, amma ƙafarta guda ɗaya ta sani.

Shagon dogo ne siriri kamar mai shi, yana ƙamshin sabuwar roba da man inji. An jera kekuna a jikin bango, duk sun fuskanci titi, ga ƙarafan ɗagawa a ƙasa, ga wani mai tumbi a kan injin gudu yana haki yana cewa a rage masa. Dogo ya ɗago ya gan ta, sifanar hannunsa ta faɗi.

"Malama. Ɓatan hanya kika yi?"

"Sayayya na zo."

"To sannu da zuwa, mai sayayya. Ya jikin Malam?"

"Da sauƙi. Yana zuwa gashi asibiti."

"Alhamdu lillahi. Me za a ba ki?"

"Keke. Mun gyara ɗakin Yaya za mu riƙa motsa jiki, ni da Mama."

Ƙarya biyu ke nan kafin ta zauna. Ta san halinsa. Da ta ce na Baba ne, kafin ta rufe baki zai ɗora keke a motar kaya, shi ke nan ba ta da sauran dalilin dawowa. Ta ce wa kanta yau kawai, ta gan shi sau ɗaya ta ji sanyi, gobe ta faɗi gaskiya ta saya.

Goben ta zo, ta zama wata goben.

Dogo kuwa ya dage da bayani kamar mai jiran a ba shi maki. Ya nuna mata faifan ƙarfen da ke gaba, ya ce in yana da nauyi feda ta fi tafiya sumul, ba ta fizgar ƙafa. Ya kunna mata mai sarƙa ta ji ƙararsa, ya kunna mai bel ɗin roba ta ji shiru. Ya nuna mata abin murɗawar da ke ƙara tauri, ya ce a wani keken ƙyalle ne ke matse faifan, yana cinyewa yana ƙauri, a wani kuma maganaɗisu ne, ba ya taɓa komai balle ya lalace. Ya sa ta tsaya a gefe ya daidaita sirdi da ƙugunta ba tare da hannunsa ya kusance ta ba.

Ita kuma kowanne sai ta samo masa aibu. Wannan ya cika faɗi, ba zai shiga ƙofa ba. Wancan allonsa ƙarami ne, Mama ba za ta ga lambobin ba. Na kusa da taga ja ne, ɗakin kuma shuɗi.

"Malama, na ga masu tsirfa a sana'ar nan, amma ke kin karɓe tuta. Yanzu har launi?"

"To ba kuɗina zan kashe ba?"

"Haka ne. Ki dawo gobe, wataƙila su sauya launi da kansu."

Ya gane tana jan ƙafa, ta gane ya gane. Babu wanda ya ambaci so, babu wanda ya ambaci aure. Yakan aika a kawo mata lemo mai sanyi, su zauna a tsakanin kekunan da ba sa zuwa ko'ina su yi ta hira har rana ta yi sanyi. In ta fito sai ta ce wa zuciyarta ai alkawari yana nan, keke ta zo saye. In ta isa gida ta ga fitilar ɗakin nan a kunne, lemon ya dawo mata maƙogwaro.

Haka makonni suka shuɗe, har ranar komawa asibiti ta zo.

Injiniya ne ya kai su a motarsa. Likitar gashin ƙashi ta kwantar da Baba, ta ɗora wani ma'auni na roba a gefen gwiwar, ta riƙe dunduniyar ta fara turawa a hankali. Ƙafar ta ɗan tafi, ta tsaya cak. Ta ƙara turawa.

Baba ya yi ƙara.

Tun da Auta ta zo duniya ba ta taɓa jin wannan sauti daga bakin mahaifinta ba. Ta dafe bango.

Likitar ta ajiye ma'aunin, ranta a ɓace. "Keken da kuka ce za ku saya fa?"

"Ana kan dubawa," Mama ta ce a sanyaye.

"Dubawa? Hajiya, gwiwa ba ta jiran kowa. Ya ƙi zuwa gashi, na haƙura saboda kun ce keke na zuwa. Yanzu naman wurin ya fara ɗaurewa. In ba ta saki nan kusa ba, sai an sake sa shi barci an lanƙwasa ta da ƙarfi, kuma ko an yi hakan ban ce muku za ta kai inda muke so ba."

Baba ya share gumin goshinsa. Muryar shugaban makaranta ta tafi, ta wani tsoho ce ta fito.

"'Yata, abu ɗaya zan tambaye ki. Zan sake yin salla a ƙasa? Na gaji da salla a kujera."

Likitar ta dube shi. "Allah ne masani, Baba. Da an fara da wuri da na ba ka amsa."

Idonta ya sauka kan Auta. Baba ya lura, ya ɗaga hannu.

"Kada ki ga laifin wannan. Kullum daga aiki sai kasuwa, ko hutawa ba ta yi. Masu shagunan nan ne ke yi mata yawo da hankali."

Suka shiga mota. Sai da suka kusa gida Injiniya ya dube ta ta madubi. "Auta, ban ce kin gaza ba. Izini kawai za ki ba ni."

"In gobe ta wuce babu keke, kai ka saya," Baba ya ce. "Yarinyar nan ta gaji."

Tana shiga kicin Mama ta biyo ta ta turo ƙofa.

"Wane shago kike zuwa?"

"Shaguna ne da yawa, Mama."

"Ni na haife ki. Kina dawowa daga yawon kasuwa fuskarki na sheƙi kamar wadda aka yi wa albishir? Wane shago?"

Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye suka ba da amsar.

Mama ta zauna a kan kujerar kicin. "Inna lillahi. Ashe ƙafar ubanki kika jinginar kina hira."

"Mama, wallahi ban zaci..."

"Yi min shiru. Ba zan faɗa masa ba, jininsa ba zai ɗauka ba. Ke ce kika ɗaura, ke za ki kwance. Amma ki sani, duk ranar da na ga mutumin nan yana salla a kujera, fuskarki zan tuna."

Washegari ba ta je makaranta ba. Dogo na buɗe shago ta iso, idonta a kumbure.

"Yau da sassafe? Ko jan ya koma shuɗi ne ban..." Ya katse. "Lafiya? Malam ne?"

"Dogo, keken ba nawa ba ne."

"Na wa ne?"

"Na Baba ne. Tun farko na Baba ne. Ba ya zuwa gashi, ya ƙi, ya ce keke kawai zai hau. Shi ake jira tun ranar da na fara shigowa nan. Jiya likita ta ce gwiwar ta fara ƙagewa."

Ya tsaya da kwaɗon ƙofa a hannu yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Maimaita."

"Don Allah kada ka sa in maimaita."

"Tun ranar farko? Ranar da na tambaye ki jikin Malam kika ce da sauƙi?"

Ta gyaɗa kai.

"Me ya sa?"

"Da na faɗa maka da a ranar za ka kai masa."

"Ƙwarai kuwa! Da a kaina zan ɗauka in kai!"

"Shi ya sa!" Kuka ya ƙwace mata. "Shi ya sa ban faɗa ba! Na yi masa alkawari na rabu da kai, na daure, na daure har na ji kamar numfashina zai tsaya. Sai ga hanya guda ta ganinka, ita ma ta rana ɗaya. Na ce in ƙara rana. Kullum in na fito gida da niyyar faɗa maka nake fitowa, in na gan ka sai bakina ya yi nauyi. Ban san gwiwa tana da lokaci ba, Dogo, ko kuma na sani na toshe kunnena. Ban ma san wanne ne gaskiya ba."

Ya juya mata baya, ya dafa kan wani keke.

"Mutumin nan shi ya koya min riƙe alƙalami. Ranar da aka binne mahaifina shi ya riƙe ni a maƙabarta. Ya tsane ni yau, na sani, amma ni ban taɓa tsanarsa ba. Ina nan ina washe baki, ina aikawa a kawo lemo, ina murna kina jan ƙafa saboda ni, ashe a kan ƙafar Malam muke zaune."

"Laifina ne ni kaɗai."

"Kin sa ni a ciki ban sani ba. Ko tambayata kin yi? Da kin ce min ga halin da ake ciki, in kai keken, sannan ki zo kullum ki ce noti ya kwance. Da wallahi kullum sai na samo notin da ya kwance."

Ta yi dariya cikin kuka, dariyar da ta fi kukan ciwo.

"Ka tsane ni ko?"

"Da na iya da na huta."

Ya wuce duk kekunan da suka yi makonni suna juyawa, ya je can kusurwa ya yaye leda daga kan wani. Gajere ne, mai kujera da majingina, fedarsa a gaba, tsakiyarsa a ƙasa yadda mutum zai ratsa ya zauna ba sai ya ɗaga ƙafa ba.

"Duk waɗancan na masu lafiya ne, ba zai ma iya hawansu ba. Wannan ne nasa. Ana fara shi ba tauri ko kaɗan, kujerar tana ja baya yadda gwiwa ba za ta matsu ba."

Auta ta san keken. A kansa take ajiye jakarta duk ranar da ta zo. Zaɓen da ya ci makonni bai kai tsawon shan ruwa ba.

"Da la'asar zan kawo."

"Kai? A'a, Dogo, ka aiko wani. In Baba ya gan ka..."

"Sai an saita kujerar da tsawon ƙafarsa. In aka yi kuskure ciwo za a ƙara masa. Ba zan ba wani wannan aikin ba."

"Me za ka ce masa?"

"Je ki gida, Malama."

Da la'asar motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Injiniya ya zo duba Baba, da ya ji an kawo keke ya naɗe hannun riga ya fita ya kama wa mai shago kwali, bai san ko wane ne ba. Suka shigo da shi suna nishi, ɗaya gaba ɗaya baya.

Baba na kan kujerarsa, fuskarsa cike da fara'a, har ya fara cewa sannunku. Kwalin ya sauka, fuskar da ke bayansa ta bayyana. Fara'ar ta ɗauke kamar an kashe fitila.

Dogo ya durƙusa. "Barka da yamma, Malam. Ya jiki?"

Baba ya dubi Auta da ke raɓe da bango, ya dubi Mama a bakin ƙofa, ya dawo kan Dogo.

"Kai ne mai shagon?"

"Ni ne, Malam."

"Wurinka take zuwa duk kwanakin nan?"

"Eh, Malam. Sauran shagunan ba su da irin wanda ya dace da kai. Dole ce ta kawo ta."

"Dole." Baba ya juya kalmar a baki. "To bari in yi maka tambaya ɗaya, ka ba ni amsa irin ta ɗalibin da na taɓa sani. Ka san keken nan nawa ne? Ka san ƙafata ake jira?"

Kalma ɗaya ce tsakanin Auta da tonon asiri, kuma kalmar gaskiya ce, haƙƙinsa ne ya faɗe ta. In Dogo ya ce a'a kawai, ya fita fes.

Dogo ya dubi sifanar da ke hannunsa.

"Na sani, Malam."

"Ka sani."

"Tun ranar farko ta faɗa min. Ta ce in ba ta a ranar, ta roƙe ni. Keken yana shago a rufe da leda. Ni na yi ta ce mata ya ƙare, yana hanya, ta dawo gobe. Don in riƙa ganinta ne. Ban ɗauka abin zai kai haka ba."

"Subhanallahi," Injiniya ya ce a hankali.

Auta ta buɗe baki, iska kawai ta fito.

Baba bai yi tsawa ba, da ma ya yi. A natse ya ce, "Gama aikin da ya kawo ka."

Dogo ya haɗa keken gaɓa-gaɓa, ya ɗaure kowane noti ya sake bi. Shi da Injiniya suka kama Baba suka zaunar da shi. Ya ja kujerar baya, ya gwada, ya ƙara ja. Ya durƙusa ya ɗaga ƙafar da hannu biyu kamar mai ɗaukar ƙwai, ya ɗora a feda ya ɗaure maɗaurin.

"Kada ka tilasta ta zagaya yau, Malam. Gaba kaɗan, baya kaɗan. Da kanta za ta..."

"Ka gama?"

"Na gama."

"Na ce ba za ka riƙe amana ba, aka ce na cika tsanani. Ashe ma sassauci na yi maka. Tashi ka fita. Ko gawata ka ji an fito da ita, ban yarda ka tako ƙofar nan ba."

Dogo ya tattara kayan aikinsa, ya naɗe ledar, ya ɗauki kwalin. "Allah Ya ba ka lafiya, Malam." Ya wuce ta gaban Auta bai ɗago ba. Injiniya ya rasa inda zai sa kansa, ya ce bari ya rufe ƙofar waje, ya bi bayansa.

Baba ya kama hannayen kujerar ya tura fedar. Ta tafi, ta tafi, ta kai inda gwiwa za ta lanƙwashe, ta tsaya. Ya dawo da ita baya ya sake. Nan dai ta sake tsayawa. Gumi ya keto masa.

"Auta, zo ki taya ni."

Ta durƙusa a gabansa ta riƙe fedar. Ta tura a hankali, ta ji ƙafar tana rawa a ƙarƙashin hannunta, ta ji yana haɗiye ƙara don kada ta ji. Fedar ta ƙi wucewa. Ta kifa goshinta a kan ƙarfen keken ta fashe da kuka.

Sai ta ji tafin hannunsa a kanta.

"Haba, Auta. Daina. Kin ga abin da nake guje miki ko? Na san kina ganin kamar na zalunce ki. Yau kin gani da idonki. Ya ga yarinya mai tausayin ubanta ya yi wasa da ita." Ya shafa kanta. "Ke ba ki da laifi. Kin sha rana, kin sha wahala saboda ni. Ko ƙafar nan ba ta sake lanƙwasuwa ba, ni na yafe wa duniya tunda ina da ke. Allah Ya yi miki albarka."

Kowace kalma kamar ana ɗiga mata tafasasshen ruwa. A waje ta ji an rufe bayan motar kaya, ta ji an buɗe ƙofar direba. Dogo bai tafi ba tukuna. In ta yi magana yanzu, Injiniya zai iya tsayar da shi kafin ya kai bakin titi.

Ta ɗago. Mama na tsaye a bakin ƙofa ta kafe ta da ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Baba."

"Na'am, Auta?"

Hannunsa na kanta har yanzu, da ɗumi, da nauyi. Yana kallonta da idon da ya saba kallonta da shi tun tana rarrafe, idon da bai taɓa ganin ƙarya a fuskarta ba. Maganar ta taso har bakin leɓenta.

"In kawo maka ruwa?"

"Kawo, 'yar albarka."

Ta miƙe. Mama ta matsa daga bakin ƙofa ta ba ta hanya, ba ta dube ta ba. A waje motar kaya ta tashi.